FILIN MATA: Aiki a Kamfani Mai Yaɗon Kabewa

  

Makon nan takardar wata uwa ce ta tsai da ni. Ta ce 'yarta ta fari ta yi karatun kwamfuta, ta gama bautar ƙasa, har an sa ranar aurenta bayan Babbar Salla. Ana nan sai ga aiki biyu sun zo mata a wata guda. Na farko koyarwa ne a makarantar gwamnati, tafiyar ƙafa daga gida. Na biyu a wani kamfani ne na masu aika kuɗi ta waya, wanda aka kafa 'yan shekarun baya, yanzu kuwa ko wane wata sai ya ɗebi sababbin ma'aikata. Albashinsa ya ninka na koyarwa har da ɗori. Yarinya ta ce ita kamfani ta ke so. Uban ya ce shi bai san aikin da ba shi da fansho ba. Uwa ta tsaya a tsakiya, ta rasa bayan wanda za ta bi, shi ne ta ce in taimake ta da shawara.

To, 'yar'uwa, na gode da ki ka tuna da ni. Na san ba gidanki kaɗai a ke wannan gardama ba, sabo da haka zan amsa miki a nan, kowa ya ji.

Wane irin kamfani ne?

Da fari bari mu san abin da a ke nufi da kamfanin fasaha. Shi ba ya saƙa, ba ya jima, ba ya matsar gyaɗa kamar masana'antun Bompai da Kakuri da iyayenmu suka sani. Hajarsa manhaja ce, watau tsarin nan da a ke sa wa waya ko kwamfuta don ta yi wani aiki. Kun san irinsu sarai. Na'urar POS da ki ke gani gaban mai kanti da mahauci tasu ce. Kun tuna farkon shekarar 2023, lokacin da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace a hannun jama'a? A lokacin ne har tsofaffi suka koyi aika kuɗi ta waya, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka sami mutane ba adadi. Shi Moniepoint ɗin nan a 2015 aka kafa shi. A watan Oktoba na 2024 masu zuba jari suka ba shi dala miliyan 110, aka ce darajarsa ta kai dala biliyan 1. Shekara tara ke nan kacal.

Za ki ce, ina su ke samun wannan sauri? Ga misali. Ki ɗauka wata mai tuwo ce da rumfa guda a bakin tasha. Sai wani attajiri ya zo ya ce mata, "Ga jari. Ki buɗe rumfa goma bana, ashirin baɗi. Kada ki damu da riba tukuna, ki dai tara masu ciniki. In kin mamaye gari ma ci riba tare." Sai ta ɗebi masu tuƙi da masu miya da masu wanke-wanke, ta yanka musu albashi mai tsoka don su baro inda su ke. To, wannan albashi daga jakar attajiri ya ke fitowa, cinikin tuwo bai isa ya biya shi ba tukuna. Ran da attajiri ya ɗaure bakin jakarsa fa? Ki riƙe wannan misali da kyau, domin daɗin aikin nan da ɗacinsa duk daga nan su ke fitowa.

Ni kuwa kullum na kan kwatanta irin wannan kamfani da kabewa. Ki shuka ta gindin danga da ruwan fari, kafin wata biyu ta haye ɗaki ta rufe shi ruf. Kaka na yi ganye ya bushe. Wadda ta tsinki 'ya'yan ta ajiye, ita ke miyar taushe har bazara.

Amfaninsa

Na farko albashi. Wannan ba a gardama a kansa. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Nijeriya ta sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, kun kuwa san inda wannan ke tsayawa a kasuwa. Kamfanin da ke neman ƙwararru ruwa a jallo dole ya biya fiye da na maƙwabcinsa. Waɗansu ma da dala a ke biyansu. Kafin watan Yuni na 2023 dala guda wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Mai karɓar dala albashinta ya ninka tana zaune, alhali mai karɓar naira tana kallon nata yana narkewa.

Na biyu koyo, shi ne kuwa babba a wurina. A ofishin da ya daɗe, sabuwar ma'aikaciya ta kan shekara tana ɗauko fayil tana mayarwa. A kamfani mai sauri aiki ya fi hannu yawa, sabo da haka ranar da ki ka zo ranar za a ɗora miki kaya. Yau ki amsa kukan masu ciniki, gobe ki gyara manhaja, jibi a ce ki tsaya gaban manya ki yi bayani. Abin da wata za ta koya cikin shekara biyar, ke sai ki koye shi cikin biyu.

Na uku ƙarin girma. Inda a ke ɗaukar sababbi ko wane wata, wadda ta shekara ɗaya ta zama tsohuwar hannu. Ba a cika tambayar shekarunki ko 'yar wane ce ke ba, abin da ki ka iya a ke dubawa. Yarinya 'yar shekara 26 ta kan shugabanci mutum goma, har da waɗanda suka girme ta.

Na huɗu, wanda na san zai fi faranta wa matan aure, da yawa daga cikin ayyukan nan ana yinsu daga gida. Tun annobar korona ta 2020 wannan ya zama ruwan dare. Mace tana ɗakinta a Zariya ko Katsina, kamfaninta yana Ikko ko ma Ingila, aiki yana tafiya. Ba hawa mota, ba cakuɗa da maza a tasha, ba barin gari. Abin da ta ke bukata kwamfuta, da intanet mai ƙarfi, da wuta.

Na biyar hannun jari. Waɗansu kamfanoni su kan yi wa ma'aikaci alkawarin ɗan rabo a cikin kamfanin kansa. In Allah ya yi wa kamfani buɗi, wannan rabo ya kan zama dukiya. Paystack, wani kamfanin biyan kuɗi da samari biyu suka kafa a 2015, a watan Oktoba na 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi, aka ba da labarin kuɗin sun haura dala miliyan 200. Ran irin wannan ciniki, duk mai riƙe da rabo ya yi sallah.

Aibinsa

To, mun sha zuma, bari mu taɓa maɗaci. Babban aibin aikin nan shi ne rashin tabbas. Bari in ba ku labarin wani kamfani, ku auna da kanku.

Sunansa Andela, a Ikko aka kafa shi a 2014. Sana'arsa a lokacin ita ce ya zaɓi samari da 'yan mata masu kaifin ƙwaƙwalwa, ya koya musu rubuta manhaja yana biyansu, sa'an nan su riƙa yi wa kamfanonin ƙasashen waje aiki daga nan gida. Shekara huɗu a ke ƙullawa da su. Shigarsa ta fi shiga jami'a wuya. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg, mai Facebook, da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24, shi kansa kuma ya zo Ikko a shekarar ya ziyarce su. A watan Janairu na 2019 aka ƙara masa dala miliyan 100. Wa zai ce akwai abin tsoro a nan? Amma a watan Satumba na wannan shekara ta 2019, wata takwas kacal bayan shigowar kuɗin, kamfanin ya sallami ƙananan ma'aikatansa fiye da 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda. Dalilin da ya bayar shi ne masu ba shi aiki ƙwararru su ke so, ba 'yan koyo ba. A 2020 ya sake rage waɗansu, ya kuma rufe ofisoshinsa, kowa ya koma aiki daga gida.

Ku lura da abu guda. Kamfanin bai karye ba. A 2021 ma dala miliyan 200 aka zuba masa, darajarsa ta kai dala biliyan 1.5. Hanya kawai ya sake, waɗanda ba su dace da sabuwar hanya ba aka sauke su. Watau kamfani yana iya ƙiba, ma'aikaciya kuwa tana gida ba aiki.

Kada kuma ku ce wannan halin ƙananan kamfanoni ne. Manyan na Amurka sun ɗebi mutane da yawa lokacin korona, da kowa ke zaune gida yana saye da hira ta waya. A 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, bashi ya yi tsada, attajirai suka ɗaure bakin jaka, kamar dai yadda na faɗa muku a misalin mai tuwo. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin da ya mallaki Facebook ya sallami mutum 11,000. A Janairu na 2023 Google ya sallami 12,000, Amazon kuma 18,000. Abin ya taɓa har maƙwabtanmu. Twitter, wanda yanzu a ke kira X, ya buɗe ofishinsa na Afirka a Akra ta ƙasar Gana a farkon Nuwamba na 2022. Kwana kaɗan da buɗewa, sabon mai kamfanin, Elon Musk, ya sallami wajen rabin ma'aikatansa na duniya, na Akra kusan duka suna ciki. Kuɗin sallamarsu kuwa sai a Fabrairu na 2024 suka same shi, bayan doguwar ja-in-ja. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Aibi na biyu yawan aiki. Ofishin gwamnati yana da lokacin tashi. Shi kuwa wannan aiki a aljihunki ya ke, cikin waya. In manhaja ta tsaya da tsakar dare, kuɗin mutane suka maƙale, ba wanda zai jira gari ya waye. In kuma masu kamfanin suna Amurka, safiyarsu ita ce la'asar ɗinmu, sai a kira taro daidai lokacin da ki ke ɗora tukunyar dare. Aiki daga gida da na yaba ɗazu, shi ma da nasa. Mutanen gida suna ganinki zaune, sai su ɗauka ba abin da ki ke yi. Wannan ya ce ki miƙo, wancan ya ce ki riƙe masa yaro, baƙuwa ta zo ba ki fito ba a ce kin yi girman kai. Ga kuɗin data, ga man janareta ko sola in wuta ta ɗauke.

Na uku rashin tsari. Gidan da a ke gini ana kwana ciki ba ya rasa ƙura. Yau wannan ne shugabanki, wata mai zuwa wani ne. Aikin da ki ka yi wata uku kina yi, sai a ce an fasa. Waɗansu ma ba su da wanda za ki kai wa kuka in an ci miki fuska. Mai son kome a jere, wannan wuri zai wahalshe ta.

Na huɗu, hannun jarin nan da na ambata, ki san takarda ce tukuna. Bisa al'adarsu shekara huɗu a ke yi kafin rabon ya zama naki duka, in kuma ki ka bar aiki ko aka sallame ki kafin shekara guda ta cika, ba ki da ko ƙwandala a ciki. Ko ya zama naki, ba ya zama kuɗi sai an sayi kamfanin ko an kai shi kasuwar hannun jari. Da yawa kuwa ba su kai nan ba su ke mutuwa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kada a rage miki albashi a ce an cike miki da rabo, ki yarda.

Abin da za a tambaya kafin a sa hannu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da na ke so ko wace yarinya ta tambaya tun kafin ta ce ta karɓa, ta kuma ga amsar a rubuce.

Ɗaya, ma'aikaciyar kamfanin ce ita sosai, ko 'yar kwangila, ko kuwa wani kamfani ne dabam ya ɗauke ta ya ba da aronta? Da yawa daga masu amsa waya da masu yawon tallar na'ura ta hannun ɗan tsakiya a ke ɗaukarsu, hakkinsu kuwa bai kai na 'yan ciki ba.

Biyu, fansho. Nan ne zan amsa wa Malam, uban yarinya. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ko wane kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya riƙa zuba wa ma'aikaci aƙalla kashi 10 cikin 100, shi kuma a cire kashi 8 daga albashinsa, a tara a asusu mai sunansa. Asusun nan nata ne, ko ta bar kamfanin yana bin ta duk inda ta koma. Sabo da haka fansho akwai, in dai kamfanin na kirki ne. Sai ta riƙa dubawa ta ga ana zubawa da gaske.

Uku, hutun haihuwa, tun da aure ya matso. Dokar ƙwadago ta ba mace mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin, da kuma rabin sa'a sau biyu a wuni don shayarwa. Amma ku ji wani abu da mata da yawa ba su sani ba. Wannan doka leburori da akawuna ta fi karewa. Ƙwararru da shugabanni, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ne dokarsu. In ba a rubuta hutun a ciki ba, ranar bukata sai roƙo. Ta nan aikin gwamnati ya fi, domin jihohi irin su Legas da Kaduna wata shida su ke ba ma'aikatansu mata.

Huɗu, in za a sallame ta, sanarwar kwana nawa za a ba ta, nawa kuma za a biya ta? Kunya ba ta da wuri a nan. Wanda ya ji haushin wannan tambaya, ya nuna miki halinsa tun da wuri.

Biyar, kamfanin yana cin riba, ko har yanzu jakar attajiri ya ke ci? Yaushe aka zuba masa kuɗi na ƙarshe? Ya taɓa rage ma'aikata? Ta nemi wata da ta taɓa aiki a wurin ta tambaye ta, domin wadda ta kwana a ɗaki ita ta san inda ya ke yoyo.

Shawarata

To, 'yar'uwa mai takarda, ga abin da na gani. 'Yarki yarinya ce, ba ta da 'ya'ya tukuna, ba ita ke ciyad da gida ba, karatun da ta yi kuma na wannan fanni ne. In amsoshin tambayoyin nan sun yi kyau, in kuma wanda zai aure ta ya ji sharuɗɗan aikin da kunnensa ya amince tun yanzu, ni ina ganin ku bar ta ta gwada. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ilmin kwamfuta kuwa kamar wuƙa ya ke, in an ajiye shi shekara biyu ba a wasa ba sai ya yi tsatsa.

Amma ta shiga da sharaɗi uku. Na farko, ta zauna kamar albashin koyarwa ta ke karɓa, sauran ta ajiye, har ta tara abin da zai riƙe ta wata shida ba aiki. Kada ta ci bashin mota ko ta shiga adashin da ya fi ƙarfinta don ganin albashin bana. Ku ma iyaye kada ku ɗora mata kayan ɗaki na gasa da kuɗin makarantar ƙanne duka a kan wannan albashi. Na biyu, ko wane wata ta tambayi kanta, me na koya da zan iya kai wa wani wuri? Yaran Andela da aka sallama a 2019, abin da suka fita da shi ke nan, da shi ne kuma da yawansu suka sami wani aikin. An karɓe musu kujera, ba a iya karɓe abin da ke kansu ba. Na uku, ta sa wa aikin iyaka tun ranar farko. Lokacin salla na salla ne, lokacin miji da iyaye nasu ne. Wadda ta saba amsa waya ƙarfe ɗayan dare tun makon farko, haka za a riƙa kiranta har ta bari.

In kuwa mace ita ce ginshiƙin gida, marayu na hannunta, ko kuwa ba ta da jimirin tashin hankali, to, aikin koyarwa ba abin rainawa ba ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tana iya koyarwa da safe, ta riƙa ƙara ilmin kwamfutarta da yamma, har ƙofa ta sake buɗewa.

Ku kuma 'yan makaranta da ke karanta wannan fili, ku dage da lissafi da Turanci, ku kuma daina tsoron ɗakin kwamfuta kuna bar wa maza. Kamfanin da ke tashe yau, mai yiwuwa ne kafin ku gama karatu wani ya maye gurbinsa, amma wadda ta iya aikin za a neme ta ko wane ne ke tashe.

Wadda ta taɓa irin wannan aiki, ko 'yarta ke yi, ta rubuto mana abin da ta gani, mai daɗi da marar daɗi, mu ƙaru da juna. Ke kuma uwar yarinya, ki karanta wa Malam wannan shafi bayan ya ci tuwon dare, ki aiko mini yadda kuka ƙare. Allah ya zaɓa mata mafi alheri, ya sa albarka a auren. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.